Wanda Ya Koya wa Muhsinat Jita

Saratu, Nasrullahi, ku kife wayoyin nan ku matso. Kai ma babbansu zauna, labarinka zan ba ƙannenka, kuma ban yarda a katse ni ba.

Ranar Asabar da hantsi muna falo, nan gidan yayanku a unguwar Al Nahda. Ubanku na kan kekensa na marasa lafiya a bakin taga, sandarsa kwance a cinya kamar kullum, yatsun hagunsa na ta yawo a kanta. Tun da mantuwa ta cinye shi aka kawo mu Dubai neman magani, bai ƙara kiran sunan kowa ba, har ni. In an sa masa carbi a hannu, sai ya sake shi ya faɗi. Yayanku ya ce ba komai, tasbihi ya riga ya shiga jinin Alhaji, ko a jikin sanda ma ja yake yi.

A'i, matar yayanku, ta kunna talabijin. Shirin ɗaliban jami'a ne, kai tsaye. Sai ga 'yarsu Muhsinat a kan kujera, rungume da jita mai igiyar lantarki. Mu kuwa duk a saninmu ɗakin karatu ta tafi.

Daga baya na ji sharaɗin da aka ba ta: ta zauna, ta kaɗa mai sanyi, ta yi murmushi. Haka ta fara. Can sai ta ture kujerar da ƙafa, ta miƙe, ta saki kiɗan nan na da mai zafi da ake kira rokanrol, tana buga ƙafa, mayafi na kaɗawa. Yaran da ke kallo suka tashi suna tafi. Mai gabatarwa ya ɗaga mata hannu, ko kallo bai ishe ta ba. Sai aka yanke ta, aka sa tallar turare.

Kafin la'asar hoton ya gama zagaye wayoyin 'yan kago, masu aika kaya gida, a kasuwar Murshid Bazaar. Har wani ya tsokani yayanku a shago, wai yaushe za a kawo musu makaɗiyar ta taya su ɗaure kaya. Ya dawo gida ido jawur. Ya kulle jitar a but ɗin mota, ya yanki tikiti. Juma'a Muhsinat za ta koma Kano, karatu ya ƙare, alhali zangon ƙarshe take.

"Wa ya koya miki?" ya ce da ita.

Ta kau da kai gefe.

"Waɗannan 'yan kiɗan na unguwar Karama ne ko?"

"Abba, wallahi ba su ba ne."

"To wane ne? Faɗi sunansa, shi ke nan, in fasa tikitin. Shi zan sa a jirgi a madadinki, ko zan ƙare a kai."

Ta sunkuyar da kai. Ya nuna mata ubanku.

"Dubi kakanki. Mutumin da bai taɓa barin talabijin ta kwana a gidansa ba. Hankali ya tafi, yatsu ba su bar ambaton Allah ba. Ke da kullum da yamma kike zaune a gabansa kina kallonsa, abin da kika ɗauko ke nan?"

Na sa baki. Ya ce, "Hajiya, don Allah bar ni da 'yata." Me zan ce? Bizata a hannunsa take, ko lif ɗin gidan nan ban iya shiga ni kaɗai ba. Yarinya ta haɗa akwati, ta daina cin abinci. Jiya na gan ta durƙushe a gaban kakanta, ta riƙe ƙafarsa tana kuka, shi kuwa yana kallonta kamar yana kallon bango. Yatsun nan dai ba su tsaya ba.

Akwai maganar da na yi alkawarin zan shiga kabari da ita. Wanda na yi wa alkawarin ya manta da shi, ya manta da ni, don haka ku saurara.

Ina budurwa a Kaduna, talabijin ɗaya ce a layinmu, a tsakar gida ake ajiye ta, mu cika maƙil. Wata rana aka fito da wani siririn saurayi da jita, aka ce ya tsaya cak ya kaɗa taken maraba da manyan baƙi. Ya kaɗa kaɗan, ya yar da hularsa, ya saki wani kiɗa nasa na kansa, har da durƙusawa. Dattawa suna salati, mu muna ihu. Aka yanke shi. Washegari ubansa ya farfasa jitar a ƙofar gida, jama'a na kallo. Kiɗan nan ba a taɓa sa shi a faifai ba, ba wanda ya sake jinsa. Ni ma ban sake ba, sai ranar Asabar, a hannun Muhsinat, ko wuri ɗaya ba ta kuskure ba.

To, ku juya ku dubi sandar can da kyau. Wane Musulmi kuka taɓa gani yana tasbihi da hannun hagu? Saurayin nan ubanku ne, igiyar jita yatsunsa ke dannawa a jikin sandar. Babbanku ya nemi malamin, ga shi nan a bakin taga yana ba da darasi. Ni na gaji, ku ukun ku yanke: wa za a sa a jirgin Juma'a, yarinyar ko ubanku?