Kwanon da Baba Ya Cire

Da tarin fuka ya kwantar da Mama a gidanmu na Narayi, nas ta ce hasken rana na kashe ƙwayar cutar. Wata Lahadi bayan coci, Baba ya hau rufi ya ɓamɓare kwano ɗaya, hasken ya sauka daidai ƙirjinta. Na tsaya a kanta ina kallo. Ta buɗe ido ta ce, "Matsa, 'yar nan, kin tare mini magani."

Mama ba ta kai damina ba. Yanzu na san rana ƙwayar da ke cikin iska take kashewa, ba ta kaiwa huhu. Amma har yau, in inuwata ta faɗa kan mai barci, sai na matsa.