Koren Silifas ɗin Habsatou

Don Allah don Annabi, ko kun gane ni kar ku faɗi sunana. Sunayen ciki ma na canza su. A wayar aiki nake rubutawa, in na ji motsi zan tsaya.

'Yan mata biyu ne a wani gida a unguwar Dengfeng, hawa na bakwai. Radiyya 'yar Kano, Habsatou 'yar Maraɗi. Anti Rahila ce ta kawo su Guangzhou rainon 'ya'yanta, takardunsu suka mutu, tun daga nan ba su ƙara taka waje ba. Shekara ɗaya da wata huɗu. Dokar Anti guda ce: ƙarfen nan na bakin ƙofa, ba a tsallake shi. Har kyamara ta sa a waje.

Da yaran suka shiga makaranta, Anti ta samo musu aiki wajen wani lawban ɗinta, wato maigidan da take harka da shi, ɗan China. Bidiyo ake turowa na wasan hoki, wanda ake yi da sanduna a kan ƙanƙara. Ba wasan suke kallo ba, ƙafafu suke kallo. Akwai shuɗin layi. In ɗan wasa ya riga ƙwallon tsallake shi, satar gida ke nan. Su tsayar, su dinga matsawa hoto ɗaya-ɗaya, su danna ja ko kore. Wai na'ura ake koya wa. Ƙafa ɗaya ba laifi, sai duka biyun sun wuce. Shi ya sa diddige ake kallo.

Habsatou ta tsani aikin. Mutum ya ci ƙwallo, an yi ihu, an rungume shi, sai alƙali ya sa abu a kunne ya leƙa wani ɗan allo. Ya dawo ya soke. A mai da agogo baya kamar ba a yi komai ba.

"Haba Radiyya, dubi yadda yake murna. Danna masa kore mana."

"Ni na sa masa ƙafar?"

"Ke da taki kamar kwalekwale, da ke ce a filin nan kullum ja."

Gaskiyarta. Da Salla Anti ta zaga kasuwa neman takalmi lambar Radiyya, ko'ina sai a ce meyo, babu. Habsatou kaɗai aka sayo wa silifas, kore. Amma a aiki Radiyya ba ta da na biyu. Lawban ya ce ba ta taɓa kuskuren ƙafa ba.

Sai aka bugo daga Maraɗi, innar Habsatou tana kwance, sunanta take ta kira. Habsatou ta daina cin abinci. Ko barcin rana ta yi sai ta miƙe ido rufe ta nufi ƙofa, Radiyya ta kamo ta ta kwantar.

Kawu Maidaji, yayan Anti, ya yi ta zirga-zirga har ya samo takardar fita ta mutum ɗaya, ta kwana goma. Ta Habsatou, tare za su tafi. Aka ɗaure jaka. Ta yi rawa a kicin da ludayi a hannu, ta ce za ta aiko wa Radiyya takalmin maza daga Maraɗi.

Saura kwana biyu maƙwabciya ta tare Anti a bene. Ta ce ran Juma'a, da Anti tana shago a kasuwar Tianxiu, ta ga bayan wata yarinya da hijabi a tagar ƙarshen baranda, ta miƙa hannu cikin ruwan sama.

Anti ta shigo ba sallama. Ta buɗe kyamara. Ashe masu kawo kaya sun buge ta ta sunkuya, ƙasa kaɗai take ɗauka. Ta ajiye wayar gaban Radiyya, ga wayar caji ninke a hannunta.

"Ke ce gwana. Duba min."

Radiyya ta fara matsawa. Ƙarfen ƙofa. Ƙarfen ƙofa. Ga ƙafa ɗaya ta fito, ta tsaya, ta daɗe a tsaye. Ga ta biyu ta ɗago. A nan yatsan Radiyya ya danna sau biyu da sauri, ya tsallake hoto ɗaya. Duka sun wuce.

"Ƙafar wace ce?"

"Silifas ɗin Habsatou ne, Anti."

Habsatou ta kalli wayar, ta kalli ƙafarta. "Tanti, wallahi barci nake ranar. Ko a cikin barcin na fita?" Ta juyo. "In Radiyya ta ce ni ce, to ni ce. Ba ta kuskure."

Anti ta ce wadda ba ta iya riƙe ƙafarta a nan, a filin jirgi ma sai ta tona musu asiri. Kawu ya ba da baki har ya gaji, ya tafi shi kaɗai. Takardar ta mutu a jakar Anti. Aka kwance kaya, kowane tsumma ya koma inda yake.

Innar ta rasu bayan sati uku.

Yanzu Habsatou ba ta roƙa wa kowa kore. Ja take dannawa, tana ma fin Radiyya sauri. In za ta kwanta da rana sai ta ɗaure ƙafarta da ɗankwali a jikin gado, ta ce, "Yaya Radiyya, ki riƙa lura da ni."

Na ji mukullin Anti a ƙofa. Hoton nan da aka tsallake, diddige ne ya leƙo bayan silifas ɗin da kusan yatsa biyu, ruwan sama kawai na so in taɓa, diddigen nawa ne, don Allah kar ku gaya wa Hab