Bakan da Ya Fi Ƙarfina

Da la'asar ne, a bayan gidan Kawu Garba maharbi, can Miri. Ya jingina bakunkuna uku a jikin rumbu, ya ce in zaɓi wanda zan fara koyo da shi. Na ɗauki babban, wani baƙi mai warin hayaƙi da man shanu. Bai hana ni ba. Ya ɗana mini kibiya, ya nuna mini kututturen giginya.

Da ƙyar na jawo tsirkiyar har kusa da kunnena. Sai ga Ladidi, 'yarsa mai tatata, ta ɓullo ta bayan kututturen tana bin ɗan tsako.

"Kada ka saki," in ji Kawu, murya ƙasa-ƙasa. "Mayar da ita a hankali."

Na kasa. Jikina ya sandare, ko karkatar da bakan ban iya ba. Tsirkiya tana yankan yatsuna, tsinin kibiyar yana kallon farar rigarta.

"Kawu, za ta kuɓuce mini!"

Ban ji takunsa ba, sai dai na ga hannunsa ya damƙe kibiyar da tsirkiyar gaba ɗaya. A lokacin na ji fitsari yana bin ƙafata.

Ya miƙo mini ƙaramin bakan. "Ja ba shi da wuya, yaro. Wanda za ka iya mayarwa ba ka harba ba, shi ne naka."

Yanzu Ladidi tana Gwallameji da 'ya'yanta, ba ta san an yi ba. Ni kuwa duk sanda ta miƙo mini ruwa, sai yatsun nan sun yi mini zogi.