Inuwar da Ta Ƙi Tashi

Ga ta nan, ga ta nanku, ta gobe ce ba ta jiya ba.

Ta zo mu ji ta.

A wannan zamani, in gwanin wasan harbi na kwamfuta ya rasu, sai a adana gwanintarsa a na'ura, inuwarsa ta ci gaba da buga wa ƙungiyarsa. Haka aka yi wa Tanko, ɗan Goggo Hanne, yau shekara uku.

Ranar wasan ƙarshe na gasar duniya, sai ga Bashari, kyaftin ɗin ƙungiyar, yana haki.

"Goggo, ki rufa mana asiri. Da an fara, sai Tanko ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ƙi tashi."

Da ransa, ba ya fita wasa sai ya durƙusa ta sa masa albarka.

Aka kai ta zauren gasar, aka miƙa mata abin magana. Ga inuwar Tanko a allo cikin siffar soja, kansa a sunkuye.

"Ki ce Allah ya ba da sa'a kawai, Goggo. Kofin duniya ne fa!"

"Bara wa ya sa masa albarka?"

"Ba kowa. Bana ya fara haka."

Ta daɗe tana kallonsa. Can ta ce, "Yaron nan, ka gaji. Na sallame ka, je ka huta."

Sojan ya ajiye bindiga a hankali.

Kofi ya tafi wata ƙasa, Bashari ya bar wasa, Goggo ta koma gida. Tanko kuwa, ba a ƙara ganinsa a allo ba. Ƙurunƙus.