Muryar Jagoran Masaƙa

"Ba shi ba ne," in ji tsohuwar, karo na tara.

Dattijon mai tsara kiɗan ya dafe kai. Fim ake shiryawa na rayuwar mahaifinta, jagoran ma'aikatan masaƙa a Bombay zamanin Turawa, kuma waƙar da marigayin kan rera a yajin aiki ba za ta shiga ba sai da yardarta. Wata uku, masu goge arba'in, mawaƙa tara, duk ta ƙi.

"Baiwar Allah, shekara hamsin ban bari murya ta karkace a ɗakin naɗar waƙar nan ba. Haka malamina ya yi, haka malaminsa."

"To Ustad, kai wa malamin naka ya saurara. Babana ba ya waƙa kamar ango."

Haushi ya turnuƙe shi. "Me kike so? Wannan?"

Ya ture mawaƙin daga gaban makirufo, ya ɓarke da waƙar cikin shaƙaƙƙiyar muryar da ya ɓoye wa duniya shekara ashirin, tana tsinkewa, tana kauce wa kiɗa.

Da ya juyo, sai ya ga ta rufe fuska da gefen sarinta, mayafin matan Indiya.

"Babana ke nan," ta ce.

Daraktan fim ɗin ya ɗaga yatsa: an naɗi muryar.