Rarrafe a Ajin Raisa Lvovna

"Rarrafa!" in ji Raisa Lvovna, malamar Rashanci. "Tunda bakinki ya kasa, gwiwarki ta koya."

Oyuna ta durƙusa. Ba ta daɗe da zuwa birnin Irkutsk daga Mongoliya karatun likita ba, kalmomin tafiya na Rashanci suka hana ta sakat: ta ƙafa daban, ta mota daban, ta zuwa a dawo ma daban. Dokar ajin kuwa, duk wanda ya cakuɗa su sai ya aikata a gaban kowa. Haka ta rarrafa tsakanin tebura, cikin caɓin dusar ƙanƙarar da takalma suka shigo da shi.

"Faɗi abin da kike yi! Na baya ba su ji ba."

"Ina rarrafe," ta ce. Aji ya bushe da dariya. Ba ta yi kuka ba, ta dai ƙullaci malamar.

Kwanci tashi, shekaru suka ja. Wata safiya aka turo wata tsohuwa a keken marasa lafiya zuwa sashen gashin ƙashi na asibiti, ɓarin jikinta ya shanye.

"Likita, 'yar nan, zan sake takawa kuwa?" ta tambaya, baki a karkace.

Likitar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta shimfiɗa tabarmar roba, ta kira ɗalibanta duka su zagayo.

"Za ki taka, Raisa Lvovna. Amma kin fi kowa sani, tafiya bi da bi ake koyonta." Oyuna ta sauke takunkumin fuskarta. "Rarrafa. Kuma ki riƙa faɗin abin da kike yi da ƙarfi, na baya ba sa ji."