Tsohon da Ya San Ƙarshen Shari'ar

"Yanzu za ta cire tabarau," in ji tsohon da ke gefen malamar lissafi. Sai kuwa lauyar da ke majigin ta cire tabarau.

Malama ta yi ƙaramin tsaki. Wata uku tana faɗi-tashi kafin a kawo fim ɗin nan makarantarsu: tarihin lauyar da ta yi shari'a har aka buɗe wa 'ya'yan leburori ƙofar aji. Ita kanta 'yar lebura ce. Ga shi tsoho ya hana ta ji.

"Dubi lauyan gwamnatin can," ya ƙara raɗa mata. "Yanzu zai rikice, ya kifar da kofin ruwa a kan takardunsa."

Kofi ya kife. Zaure ya kwashe da dariya, tsohon har da hawaye.

"Haba Baba! In ka riga ka kalla, ka bar mu mu ma mu kalla mana."

"Ban taɓa kallonsa ba, 'yata." Ya share ido. "Ni ne na kifar da kofin. Shekara hamsin ke nan, ban taɓa shan kayen da ya yi mini daɗi kamar wannan ba."